Sabulun da Ba Ya Kwantai

A ƙauyen nan masu sabulu biyu ne, kowace da sunan da mutane suka laƙaba mata. Akwai Mai Tsada, wadda ke da rumfa a bakin titi, daidai inda motoci ke tsayawa. Akwai kuma Ya-Ƙare, can bayan makarantar firamare, a gidan da tsofaffin tayoyin keke suke jibge a ƙofarsa. Wannan labarin ta biyun ne, kuma yawancinsa daga bakinta ya fito, domin mace ce da ba ta jira a yi mata dariya, ita take fara yi wa kanta.

Sunan ma daga bakin nata aka ɗauko shi. Ran kasuwa takan kasa sabulunta a kan babban tire tun da hantsi, kafin rana ta take tsaka ba ko guda. Duk wanda ya zo daga baya, tun daga nesa za ta ɗaga masa hannu, baki har kunne, ta ce, "Ya ƙare! Sai wani makon." Yadda take jan kalmar nan, kai ka ce kirari take yi wa kanta. Tun ana kiran ta da sunan a bayan ido har aka koma kira a gabanta, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu kamar an naɗa mata sarauta.

A wurin gwaggonta ta koyi sana'ar, bayan ta yaye autarta. Bayan ɗakin girki akwai wata 'yar rumfar kara, nan ne ma'aikatarta: baho biyu na roba, tukunyar ɗumama mai, muciyar da ba a taɓa kai ta kusa da abinci, da wani akwatin katako mara murfi da take shimfiɗa wa leda ta zuba haɗin a ciki. Ran Litinin take jiƙa soda, Talata ta tuƙa har kafaɗunta su yi tsami, bayan kwana biyu ta juye ta yayyanka da siririyar waya. Kuma gaskiya ɗaya ce, sabulun yana da kyau. Yana kumfa, ba ya narkewa da wuri, ba ya cin tufafi. Ko maƙiyinta bai taɓa kushe shi ba.

Kayan haɗin kuwa daga birni ake sayo su, kuma wannan aikin maigidanta ne. Shi mai gyaran keke da babur ne, mutum mai sanyi, wanda in ya yi magana goma a wuni to an yi baƙi. Duk ƙarshen wata yakan shiga birni sayen bututu da sarƙa da sauran ƙarafunansa, sai ta ƙirgo masa kuɗin kaya ta damƙa masa: jarkar mai ɗaya, soda, kala da turare. Tun farkon sana'ar ta tambaye shi nawa suke, ya faɗa mata, ita kuwa ta riƙe wannan adadin daram kamar karatun da aka biya mata tana ƙarama. Sau uku ko huɗu a cikin shekara goma sha huɗu ta ɗan ƙara wani abu a kai, shi ma don ta ji ana ta kukan tsadar rayuwa a rediyo ne, ta ga bai kamata a bar ta a baya ba. Duk abin da ya rage a ƙullin zanenta bayan wannan, a wurinta riba ce. Da shi take gudunmawa in abin arziki ya samu 'yan'uwa, da shi take yi wa Auta 'yan kayan kwalliya, da shi take sayen atamfa in ta ga wadda ta shiga ranta.

Riba kuwa, in ji ta, ba abin da take saurin haifarwa kamar baki. In sun tashi daga kasuwa takan bi ta gaban rumfar Mai Tsada da tirenta wayam a ka, ta rage tafiya, ta ce, "Yaya, har yanzu ana nan? Allah ya kawo kasuwa." Mai Tsada, wadda ta girme ta da kusan shekara goma, takan amsa da "Amin, ƙanwata," ta ci gaba da korar ƙuda daga kan kayanta. In Ya-Ƙare ta isa gida sai ta ce wa maigidan, "Matar nan haɗama ce za ta kashe ta. Sabulu ɗari da hamsin! Wa ta ga ya tsinci kuɗi a hanya?" Shi kuwa ya ce, "Uhm," ya ci gaba da kankare tayarsa.

Akwai wata tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya ta dawo ƙauyen. Duk Laraba da la'asar takan tara mata a wani aji bayan yara sun tashi, tana koya musu yadda ake tattalin kuɗin sana'a. Sau ɗaya Ya-Ƙare ta taɓa leƙawa, shi ma ba don ta koya ba. Malama na tsakiyar bayani ta ɗaga hannu, aka ba ta dama, ta miƙe ta gyara mayafi. "Ni ban yi boko ba," in ji ta, "amma sirrin kasuwa ɗaya ne tak: kada kayanki su kwana. Ni kun taɓa ganin sabuluna ya yi kwantai?" Mata suka ce a'a. Ta ce, "To shi ke nan, karatu ya ƙare." Ta sa takalmanta ta fita. Yanzu in ta zo nan a labarin takan rufe fuska da tafin hannu ta ce, "Wallahi har tafi aka yi mini. Allah ya yafe wa waɗanda suka tafa."

Ana nan, wata ranar Asabar, wani babur da maigidan ya jingine yana gyara ya zame ya danne masa hannun dama. Wuyan hannun ya karye wuri biyu. Aka kai shi asibiti aka sa masa siminti, likita ya ce wata uku ko sifana kada ya ɗaga, kuma ko bayan nan sai yadda hali ya yi. 'Yan kuɗin da yake da su duk suka tafi a kan hoto da magani. Da suka dawo gida ya zauna a bakin gado, ya zuba wa hannun ido.

Ya-Ƙare ta ce, "Haba Maigida, mene ne na tagumi? Kwanta ka huta. Ka manta akwai mai sana'a a gidan nan? Shekara nawa kana ci da mu, wata uku ne zai gagare ni?"

Ya ɗago ya dube ta kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ta ɗauka godiya ce ta cika masa baki.

Ƙarshen wata ya zo, mai ya ƙare. Karo na farko a rayuwarta ta shiga motar birni don sayo kayanta da kanta. Ta ɗaure kuɗin kaya a gefe guda na zane, kuɗin mota a ɗaya gefen, ta sa atamfarta mai kyau don kada mutanen birni su raina ta. Maigidan ya kwatanta mata shagon, yana layin masu fenti, gabansa jarkoki ne jere. Ta same shi ba wuya. Ta yi sallama, ta faɗa wa mai shagon ko matar wa ce, ya yi ta jajanta mata, har da ba ta kujera. Ta lissafa masa abin da take so, ya haɗo ya ajiye a gabanta, ya danna 'yar na'urarsa ya faɗi kuɗin.

Ta yi dariya. "Ɗan nan, ka ga 'yar ƙauye ko? Faɗi na gaskiya."

"Na gaskiyar ke nan, Inna."

"Kai, ji tsoron Allah. Shekara goma sha huɗu ina sayen kayan nan. Na san kuɗinsu kamar yunwar cikina." Ta kwance ƙulli ta baje masa a kan tebur. "Ga shi. Haka nake bayarwa kullum."

Mai shagon ya dubi kuɗin, ya dube ta, ya sosa ƙeya. "Inna, wannan ai ko jarkar man kaɗai bai cika ba. Rabon da a sayar da kayan nan a haka, tun mahaifina ne ke zama a shagon."

"To maigidana nawa yake ba ka?"

"Abin da na faɗa miki. Wani lokacin ma ya fi haka, watan nan mai ya ɗan sauko."

Ba ta yarda ba. Ta kwashe kuɗinta ta shiga shago na biyu, ta shiga na uku, ta tsallaka titi ta tambayi na huɗu. Na ƙarshen ma ya fi na farkon tsada. Ta dawo wurin na farko, ta sayi rabin jarka da 'yar soda, ba kala ba turare. A mota ta zauna kusa da taga da jarkar a tsakanin ƙafafunta, ta yi ta lanƙwasa 'yan yatsu tana buɗewa. Lissafin bai fita sosai ba, amma ko makaho ya shafa ya san inda ya dosa. Duk sabulun da ta miƙa wa mutum a kan ɗari, ya ci fiye da ɗari kafin ya iso tire. Mai cike giɓin kuwa yana can gida da siminti a hannu.

Ta same shi a tsakar gida yana ƙoƙarin ɓare lemo da hannun hagu. Ta dire jarkar a gabansa.

"Maigida, nawa kake cikawa?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Ya danganta da wata."

"Tun yaushe?"

"Tun shekara ta biyu."

"Shekara goma sha biyu! Kana kallona ina yawo a gari ina ba mutane shawara, ba ka ce mini komai ba?"

"Na ce. Sau biyu." Ya ajiye lemon. "Na farko kika ce gyaran keke daban, kasuwa daban, in tsaya inda Allah ya ajiye ni. Na biyu kika ce baƙin ciki nake yi da ribarki, kika kwana uku ba ki gaishe ni ba."

Ta buɗe baki za ta musa, sai ta tuna. Har zanen da ke jikinta ran nan ta tuna.

Ya ce, "Ni kuma na duba na ga wasu mazan taba ce ke cin kuɗinsu, wasu caca. Na ce to ni tawa tabar sabulu ce, aƙalla ana wanki da shi. Kuma in kin dawo daga kasuwa kina dariyar nan, gidan yakan yi daɗi. Ban ga abin da zan saya da kuɗin da ya fi wannan ba."

Maganar ta shige ta, har idanunta suka ciko. Amma a ƙarƙashin daɗin akwai wata tambaya da take ɗauke da ita tun a mota. Ta zauna a kan turmi, ta ce a hankali, "Na gode, Allah ya saka. Amma Maigida, da ba hannu ba ne fa? Da babur ɗin nan a wuya ya same ka? Ka bar ni da Auta da sana'ar da ke cin mutum, ni kuma ina ganin ina da madogara?"

Ya dubi hannun da ke cikin siminti. Can ya ce, "Wannan kam ban yi tunaninsa ba." Ta ɗauki lemon ta ɓare, ta miƙa masa.

Washegari wata dabara ta faɗo mata. Mai Tsada ma ai sabulu take yi, kuma ba ta da mai cika mata, mijinta ya daɗe da rasuwa. Lalle akwai inda take samun kaya da araha. Ya-Ƙare ta haɗiye girman kai, wanda ta ce ya fi ƙashin kifi wuyar wucewa, ta nufi rumfar bakin titi. Suka gaisa, Mai Tsada ta tambayi mai jiki. Kafin Ya-Ƙare ta kawo abin da ke tafe da ita, hannunta ya kai kan sabulu guda, an naɗe shi da farar takarda an ɗaure da zare. Shekara da shekaru tana wucewa ta gaban kayan nan, ba ta taɓa ɗaukar ko ɗaya ba, don kada a ce ta yaba. Ta warware takardar. Launin ta san shi. Ta shinshina, ƙamshin ta san shi. Ta juya bayansa, sai ga wani ɗan layi a karkace, irin wanda tsagin da ke gindin akwatinta yake bari.

"Yaya, wannan ai sabuluna ne."

"Naki ne mana," in ji Mai Tsada, ko gezau. "Wa ke yin mai kyau irinsa a nan?"

"Ta ina ya zo hannunki?"

"Matar nan mai babban kwando, da ke zuwa miki da wuri ta kwashi rabin tire. Ƙanwar marigayi mijina ce, daga ƙauyen gaba take zuwa."

Ya-Ƙare ta dafe kai. Matar nan mai kwando! Wadda take yi wa gyara da guda biyu duk mako don ta riƙe ta, wadda take nuna wa mutane tana cewa tun daga wani gari ake zuwa neman sabulunta.

"Shekara shida ke nan rabona da taɓa soda," in ji Mai Tsada. "Na zauna na yi lissafi, na ga in na haɗa da kaina a ɗari da ashirin yake tashi mini, ga hayaƙi ga ciwon baya. In na saya a wurinki kuwa ɗari ne, har da gyara. Ke ce da kin ga haka me za ki yi? Matafiya da direbobi ba su san farashinki ba, in sayar musu ɗari da hamsin su tafi suna godiya."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

"Wallahi ƙanwata, kullum ina yi miki addu'ar lafiya da tsawon rai. Ko 'ya'yana ban yi wa kamar ke ba."

Ya-Ƙare ta so ta yi faɗa, ta nemi ta inda za ta fara ta rasa. Ba sata aka yi mata ba, ita ta sa farashi, ita ta miƙa, ita ta yi godiya. Tana tafe a hanyar gida dariya ta kuɓuce mata, ta yi ta yi har hawaye, wata mata da ke ɗiban ruwa a famfo ta tambaye ta ko lafiya. Ta ce, "Lafiya lau. Yau na gano ma'aikaciya ce ni, kuma uwar ɗakina ba ta taɓa biya na albashi ba."

Ran Laraba ta lulluɓe har goshi ta shiga ajin Malama, ta zauna can baya a kan bencin yara, gwiwoyinta na taɓa tebur. Malama ta hango ta, ta ce, "A'a, yau manyan 'yan kasuwa ne a ajinmu? Ko an zo ƙarasa mana karatu ne?"

Ya-Ƙare ta yaye mayafin. "Malama, a sa ni a aji ɗaya. In akwai na ƙasa da shi ma, can ya dace da ni." Ta kwashe labari kaf ta faɗa, ba ta rage wa kanta komai ba. Ajin ya kaure da dariya, amma ta lura wasu biyu-uku dariyar tasu ba ta kai ciki ba. Wata mai kiwon kaji ta sunkuyar da kai tana motsa 'yan yatsu.

Da yake Ya-Ƙare ba ta iya karatu ba, Malama ta juye mata marafan kwalba a kan tebur, kowane murfi a matsayin goma. Ta ce ta ware na mai, ta ware. Na soda, na turare, na kala. Sannan ta ce, "Kuɗin mota fa? Itacen ɗumama mai fa? Leda?" Ya-Ƙare ta ce itace ai na gida ne. Malama ta ce, "Daga sama yake faɗowa gidan?" Aka ƙara marafai. Tulin ya yi ta tashi.

"Saura ke," in ji Malama. "Nawa kike biyan kanki?"

"Ni? Ni da sabuluna?"

"In da za ki ɗauki wata ta jiƙa soda, ta wuni tana tuƙi, ta yanka, ta ɗauka a ka zuwa kasuwa, kyauta za ta yi miki?"

"Haba Malama, wace mahaukaciya ce za ta yi wannan wahalar kyauta?"

Sai da ta ga duk idanu a kanta sannan ta ji abin da ta faɗa. Ta ce, "To, ku daina kallona, na gan ta."

A ranar ta koyi abin da har yau take bi: abin da ya shigo a raba shi uku tun kafin ya ɗumama a hannu. Uwar kuɗi, wadda ba a taɓawa ko ana mutuwa, ita ce za ta koma birni. Ladan aikinta, shi ne na cefane da buƙata. Sai ɗan abin da za a jefa ajiya don ranar da ba a sa mata rana ba. Kuma duk wata sai ta sake tambayar farashin kaya, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya yana jiran mutum.

Koyon ya fi aikatawa sauƙi. Ran kasuwar da ta fara cewa ɗari da hamsin, kai ka ce zagi ta yi. Wata tsohuwa ta ajiye sabulun kamar ya ƙone ta. Wata ta ce, "Ashe ke ma kin shiga layin marasa tausayi." Wata aminiyarta ta ce ai tun da ta fara shiga birni idonta ya buɗe. Matar nan mai kwando ta zo, ta ji farashi, ta juya ba ko sallama. Rana ta take, ta karkata, inuwa ta juya, sabulu na nan jere yana kallonta. Sau uku bakinta ya buɗe zai ce "kawo ɗarin", sau uku ta tuna hannun da ke cikin siminti ta cije. Da yamma ta tattara abin da ya rage, fiye da rabi, ta rufe da tsumma. Ba ta bi ta bakin titi ba, ta zagaya ta bayan gonaki, hanyar da ta ninka tata biyu, don kada Mai Tsada ta ce mata Allah ya kawo kasuwa.

Makonnin nan sun yi wuya. Suka rage cefane, Auta ta haƙura da takalmin da aka yi mata alkawari, Ya-Ƙare ta sayar da atamfofinta biyu da ba ta taɓa ɗinkawa ba ta cika kuɗin jarka. Amma a mako na uku mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Sun gwada na kanti sun ga kwana huɗu yake yi ya zama kamar harshe. Tsohuwar nan ma ta dawo, ta biya tana mita, ta ce a ba ta babba.

A mako na huɗu, wata safiya tana tuƙi, sai ga sallamar Mai Tsada a tsakar gida. Ta gaida mai jiki, ta zauna a bakin rumfa, ta yi ta kewaye-kewaye a kan zafi da tsadar mota. Can ta fito fili. Ta gwada komawa haɗi da kanta, hannun ya manta, abin ya fito ruwa-ruwa ya ƙi daskarewa, direbobi sun fara tambaya ina na da.

"Ki riƙa ba ni sari, ƙanwata. Guda hamsin duk mako. Ɗari da goma."

Ya-Ƙare ta ci gaba da juya muciya. Akwai kalmar da kullum take jin 'yan kasuwa na faɗa, ita kuwa a shekara goma sha huɗu ba ta taɓa samun dalilin furta ta ba. Ta gyara murya ta ce, "Albarka."

"Da ashirin."

"Albarka, Yaya. A haka yake tashi mini, ke kika koya mini da bakinki."

Mai Tsada ta yi dariya har da tafa cinya. Suka yi ta ja har suka tsaya a ɗari da talatin da biyar, kuɗi hannu, kuma ita za ta riƙa aiko a ɗauka. Da ta tashi tafiya ta ce, "Gyara fa?" Ya-Ƙare ta ce, "Gyaran shekara shida yana wurinki, ki riƙa ci a hankali."

Da wannan cinikin gidan ya tsaya da ƙafafunsa. Ba arziki aka yi ba, amma ba a kwana da yunwa ba, kuma sabulu ne ya biya kuɗin gashin hannun maigidan har ya fara riƙe sifana, ko da yake manyan babura sai dai ya nuna a kwance. Malama ta raka ta wurin wakilin banki da ke bakin titi aka buɗe mata asusu a waya. Da aka ce ta zaɓi lambar sirri, ta faɗe ta da ƙarfi har sau biyu don kada ta manta, a gaban mutum bakwai da ke layi, dole aka sake wata. Ajiyar tana tafiya kamar hawainiya, wani makon a jefa, wani makon a tsallake, amma ba ta koma baya ba. Yanzu ita ke shiga birni da kanta duk wata, kuma masu layin fenti sun san ta, in ta doso sai su ce ga mai tambaya nan ta zo.

Da ladan aikinta ya fara taruwa, ta yi shawarar ta sayi abu guda na kanta, wanda ba na miji ba, ba na 'ya ba, ba na fita kunyar kowa ba. Soda ta daɗe tana cin hannuwanta, tafin duk ya tsattsage, farcen ya dushe. Ta ce safar hannu ta roba za ta saya, doguwa mai kai wa gwiwar hannu. Ta samu wani mai baza kaya a ƙasa kusa da tashar mota, ta tsuguna ta yi ta ciniki da shi kusan rabin awa, ta tashi ta yi kamar za ta tafi har sau biyu, sai da ta karya farashin kusan rabi. Ta dawo gida tana taƙama, ta kira maigidan da Auta su zo su ga abin da ake kira iya ciniki. Ta warware leda, ta zura ta hagu, ta zauna daidai. Ta ɗauki ɗayar za ta zura a dama, babban yatsan ya leƙo ta baya. Duk biyun na hagu ne.

Auta ta faɗi ƙasa don dariya. Maigidan ya karɓi safar ya jujjuya ta, ya tura hannu ciki ya jawo cikinta waje, ya miƙa mata. Ta zura, ta shiga daram. Har yau da su take tuƙi, ɗaya ja, ɗaya fari-fari don a juye take, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce masa haka ake yayi a birni.